Muryar Baba a Ƙarƙashin Injin Niƙa

Na daɗe ban san aikin yayana ba, kuma ba ni kaɗai ba ce. A Tambuwal kowa ya san farfesa ne, injiniya kuma, wai na harkar sadarwa. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, mai gyaran rediyo ne da karatu ya yi wa yawa. Saboda haka duk ranar da motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu, kafin ya gama shan ruwa zaure ya cika da kaya: rediyon da ya daina magana, wayar da ta faɗa randa, fitilar caji, har agogon bango wata tsohuwa ta taɓa aikowa da shi. Yaya zai karɓa da hannu biyu, ya jujjuya abin, ya leƙa bayansa da natsuwa, sannan ya ce a kai wa mai gyara na bakin tasha, shi ya fi shi hannu. Mutane su fita suna kallon juna.

Ni ce auta, kuma ba a san ni da haɗiye magana ba. Aikin unguwarzoma nake yi a asibiti, aikin da kowa yake ganin sakamakonsa da ido: mace ta shigo ita kaɗai, ta fita da jariri a hannu. Don haka nakan tsokane shi ba tare da tsoro ba.

"Yaya, wai kai farfesan mi na? Rediyo ya fi ƙarfinka, waya ta fi ƙarfinka, ko agogo ba ka iya ba."

"Auta," in ji shi, "aikina shi na in fid da magana daga cikin hayaniya."

"Wanga ai aikin kowace uwa mai ɗiya da yawa na."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Bai ƙara bayani ba, ni kuma ban ƙara tambaya ba.

Abin da na sani game da rayuwarsa kaɗan ne. Ya yi jami'a, aka tura shi ƙasar sanyi ƙaro karatu, ya daɗe, ya dawo ya kama koyarwa da bincike. Yana yawan tafiya taro. Wani lokaci yakan bar takardun da ya rubuta a ɗakinsa na gida, in buɗe in tarar da lissafi shafi bayan shafi, babu kalma ɗaya da zan kama in ce ga inda aka dosa. Akwai damina da ya zo da ɗalibansa, suka yi ta yawo a gonakin wajen Sanyinna da wani akwati da dogon sanda mai ƙarfe a kai, suna auna yadda sabis ɗin waya ke raunana idan gero ya yi tsawo ko hadari ya haɗu. Manoma suka ce rijiya gwamnati za ta haƙa. Da aka ga ba rijiya, sai aka ce to ma'adini ne, an ɓoye.

Innarmu kuwa ba ta taɓa cewa komai ba, domin Yaya ɗan fari ne. A gidan da ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kakarmu ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ni na girma na tarar da abin haka, kuma ni ce hanyar da ke tsakaninsu. Zai shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta kau da kai gefe ta amsa wa bango. Sannan ta dube ni ta ce, "Tambayi yayanki ko ya ci abinci," alhali yana zaune a gabanta, gwiwarsa kusan tana taɓa tabarmarta. Ni kuma in juya in ce, "Yaya, ka ci abinci?" Ya ce, "Ce mata na ci." Matan yanzu dariya suke yi idan na ba su labari. Mu ba mu ga abin dariya ba, haka gidan yake.

Wata rana da yamma, Inna ta tsufa sosai a lokacin, ina zaune kusa da ita tana tsince wake, sai ta dakata da hannu a cikin faifai.

"Auta, na mance muryar babanku."

Na ce haba Inna.

"Fuskatai ba ta ɓace mani ba. Tafiyatai ma ina gani, yadda shika jan ƙafar hagu. Amma muryatai, na neme ta na rasa. Ina kwance ina son in ji yadda shika sallama in ya shigo, sai in ji shiru."

Ba ta yi kuka ba, Inna ba ta kuka a gaban mutane. Amma na ga tsoro a idonta, irin wanda ban taɓa gani ba. Baba ya rasu tun ina ƙaramar yarinya, shekaru fiye da talatin. Babu hotonsa mai motsi, babu komai. Abin da ya rage mata na mijinta shi ne abin da ke cikin kanta, ga shi ya fara zubewa. Ta ce tana jin kunyar ta same shi gobe kiyama ya yi mata magana ta kasa gane shi.

Na kira Yaya a waya na faɗa masa, ba don ina tsammanin wani abu ba, sai don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Akwai kaset."

Sai abin ya dawo mini. Lokacin da Yaya yake ƙasar sanyi babu waya a garinmu, kuma Baba ya fi son magana da baki a kan wasiƙa. Aka sami wani mai tafiya can, zai bar gari bayan la'asar. Aka aro rikoda a wurin wani malamin makaranta. Batiran da ke ciki sun mutu, ba a sami sababbi a kusa ba, sai aka yi abin da kowa ke yi a lokacin: aka jera su a kan katanga rana ta gasa su, aka mayar. Baba ya sa babbar riga, kamar ɗan nasa zai gan shi, ya zauna a tsakar gida. To a bayan katangarmu akwai injin niƙa na maƙwabcinmu, kuma ranar kasuwa ce, 'yan mata sun yi layi da ƙore. Wani ya ce bari a roƙi mai injin ya kashe na ɗan lokaci. Baba ya hana.

"Abincin mutane shika niƙa. Ba ni hana kowa tuwo don in yi magana."

Haka ya yi maganarsa injin yana dukan iska. Kaset ya isa hannun Yaya. Ya sa, ya ji ƙarar inji, da wani abu kamar muryar mutum a can ƙasa, kalma ɗaya ta fito, goma su nutse. Kafin ya dawo gida Baba ya rasu. Ban taɓa tambayarsa inda kaset ɗin yake ba, na ɗauka ya daɗe da shiga shara.

Yaya ya ce in zo in same shi a wurin aiki. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakin bincikensa, kuma na shiga da shirin tsokana a bakina. Ɗaki ne mai sanyi, da kwamfutoci da wayoyi birjik, ɗalibai manya masu gemu suna miƙewa idan ya wuce. Ya buɗe wata durowa ya fito da kaset ɗin, an naɗe shi cikin hular Baba.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya ƙi yi a zaure, ko kuma wanda ni na ƙi tsayawa in ji. Ya ce murya ba komai ba ce illa iska da ke rawa. Na'ura tana auna wannan rawar sau dubbai kafin mutum ya ƙifta ido, kowane awo ya zama lamba. Idan na kira shi daga asibiti, ba muryata ce ke tafiya ba, lambobi ne. A hanya ruwan sama ya cinye wasu, nisa ya raunana wasu, wayoyin sauran mutane su tattake wasu. Aikinsa tun yana saurayi shi ne yadda za a jera lambobin nan a haɗa su da wasu da za su tsaya musu shaida, ta yadda ko an yi ɓarna a hanya, wayar da ke can za ta gane abin da ya ɓace ta mayar da shi, ta sake gina muryata daidai, har da ɗan kaushin da nake yi idan na gaji.

"Wato duk sa'ad da nika magana da kai, rushe ni aka yi a sake ginawa?"

"Kowane numfashi," in ji shi.

Na dubi wayar da ke hannuna, wadda nake jefawa cikin jaka tare da goro da makulli, kamar ban taɓa ganinta ba.

Sannan ya kunna allon kwamfuta ya nuna mini hoton abin da ke cikin kaset ɗin. Ban san ana ganin sauti da ido ba sai ranar. Wasu layuka ne masu kauri a tsaitsaye, a jere kamar kunyoyin gona. Ya ce wannan injin ne. Ya matsar da yatsa zuwa wasu siraran zare da ke lanƙwasa a tsakaninsu, suna ɓacewa suna fitowa. Ya ce, "Ga Baba." Ya nuna wani ɗan tsini ya ce zakara ne ya yi cara. Na tuna yadda nake ɗora ɗan ƙahon sauraro a kan cikin mai juna biyu, in bar bugun zuciyar uwa da kukan hanjinta su wuce, in nemo wancan ƙaramin bugun mai sauri a ƙarƙashinsu. Na ce masa haka. Ya ce to ai aikinmu ɗaya, shi dai nasa da lissafi yake yi.

Na tambaye shi tun yaushe yake fama da kaset ɗin. Ya ce tun ranar da ya karɓe shi. Karatun da aka tura shi ya yi daban ne, kaset ɗin ne ya sa ya sauya. Duk sabuwar dabarar da ta fito a duniya ta raba magana da hayaniya, da wadda ya karanta da wadda shi da ɗalibansa suka ƙirƙiro, sai ya gwada ta a kan kaset ɗin nan kafin komai. Kowace ta ƙara masa 'yan kalmomi. Yanzu kusan duka sun fito, amma ya kasa kawowa gida, yana ta cewa bari ya ƙara gyarawa.

Na ce masa Inna ba ta da lokacin jiran ƙarin gyara.

Ya zo ƙarshen mako. Muka shiga ɗakin Inna bayan la'asar, ya ajiye kwamfuta da 'yar lasifika a kan tabarma. Na yi mata bayani, ta gyaɗa kai tana kallon bango. Ya danna. Babu ƙarar inji ko kaɗan. Wata murya ta yi sallama, tas, ta fara gaisuwa. Ni nan take hawaye ya zubo mini, domin ni kowace murya aka ba ni aka ce ta Baba ce zan karɓa. Inna ta saurara da kai a sunkuye. Ba a yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Auta, ce mashi shi kashe. Wanga ba shi na ba."

Ya kashe.

"Maganganun nashi na, na gane su. Amma wanga mai gaggawa wa na? Babanku ba shi magana awa wanda aka kora. Muryatai ba siririya ta ba." Sannan ta faɗi abin da ya fi yi mini ciwo. "Ko ko shi na, ni ta nim mance ƙwarai?"

Ranar ba ta ci tuwo ba. Na ja Yaya zaure na sauke masa duk abin da ke bakina. Na ce da can tsoro take ji, yanzu ya tabbatar mata. Na ce da ya tsaya a kan aika mutane bakin tasha da ya fi mana. Bai kare kansa ba. Da na gaji, sai ya ce laifin batiran nan ne da aka shanya. Batir mai rauni yana jan zaren kaset a hankali, kuma yana ƙara rauni ana cikin ɗauka. Idan aka sa kaset ɗin a rikoda mai lafiya, sai komai ya yi sauri, murya ta sirance. Ya ce ya san da haka tuntuni, ya kuma rage gudun, amma da kunnensa ya auna.

"Kunnena kuwa ya lalace, Auta. Na daɗe ina sauraren wagga murya. Yanzu in na tuna Baba, ita nika ji."

Fushina ya mutu nan take. Ashe su biyu ne suka rasa shi, ba Inna kaɗai ba.

Ya daɗe zaune yana kallon katangar gidan, wadda bayanta yanzu shagon caji ne. Can ya ce akwai abu ɗaya a cikin kaset ɗin da ba ya mantuwa kuma ba ya son kai, shi ne injin. Irin waɗannan tsofaffin injuna suna da wani abu a ciki mai daidaita gudunsu, bugunsu kusan ɗaya ne kullum. Idan ya san ainihin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, zai miƙar da kaset ɗin har bugun ciki ya yi daidai da na gaske, duk abin da ke ƙarƙashinsa kuma zai koma yadda yake. Ya shafe rayuwarsa yana korar injin nan daga cikin kaset, yanzu shi yake nema.

Wannan aikin nawa ne. Mai injin ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da shi lokacin da na lantarki suka shigo, ba su ma tuna wanda ya saya ba, sun dai ce mutumin wajen Kebbe ne. Sai na koma wurin matan da ke zuwa awon ciki. Babu abin da ke ɓoyuwa ga matan awo. Duk wadda ta ce mini daga wajen Kebbe take, kafin in auna cikinta sai na tambaye ta injin garinsu. Suka fara cewa unguwarzomar nan sana'a za ta sauya. Daga ƙarshe wata ta ce a Fakku akwai wani tsohon inji mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu, yana tari kamar dattijo, kakarta ma ta ce ba sabo aka kawo shi ba.

Muka tafi ƙarshen damina. Mota ta kai mu Kebbe ta ce iyakarta ke nan, muka hau babura. Har yau idan na tuna farfesa a bayan ɗan kabu-kabu, ya tattare babbar riga ya rungume jakar na'urorinsa, ƙafarsa tana jan ciyawa, sai na yi murmushi. Gero ya yi kai ko'ina, hanyar ta ratsa ta cikinsa kamar rami.

Tun kafin mu ga rumfar na ji shi. Na ce wa mai babur ya tsaya. Wannan bugun mai nauyi, mai ɗan jinkiri kamar zai mutu sai ya sake tashi, da shi aka yi mini wanka, da shi na yi barcin rana. Da muka isa na dubi mazurarin da ake zuba hatsi, na ga facin da aka yi masa da murfin kwano mai fure, wanda nake kallo ina yarinya idan an aike ni niƙa. Na ce, "Yaya, shi na."

Mai injin mutumin kirki ne. Da ya ji farfesa ne, injiniya, ya zo tun daga birni saboda injinsa, sai ya kashe shi, ya sa aka kawo tabarma da fura. Gari ya taru. Kowa ya ɗauka gyara aka zo yi. Shi kuma don ya fita kunyar baƙo, kada a ce injinsa ya tsufa, sai ya ɗauko sifana ya nufi wurin da ake ƙara masa gudu. Ban taɓa ganin Yaya ya yi tsalle ba sai ranar. Ya riƙe hannun mutumin da hannu biyu.

"Don Allah, don Annabi, kak ka gyara shi! Bar shi yadda shike!"

Mutane suka dubi juna, irin kallon nan na zaurenmu. Wani dattijo ya tambaye ni a hankali ko lafiyarsa ƙalau. Sai na ba su labarin Baba da kaset da Inna. Mai injin ya ajiye sifana. Ya ce waɗanda suka sayar masa sun gargaɗe shi kada ya taɓa wurin nan, bai kuwa taɓa ba, yau ne kawai zai fara. Ya tashi injin, ya ce wa 'yan matan su zuba geronsu kamar kullum.

Yaya ya tsuguna a gefen injin da makirfo a hannu, abin sauraro a kunne, ido a rufe. Gari yana tashi yana sauka a kan hularsa da gemunsa har ya yi fari fat. Yara suna dariya, iyayensu suna kwaɓarsu. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallon mutumin da ake gayyata ƙasashe ya yi jawabi, yana sauraren tsohon inji da ladabin da ake sauraren malami. Na yi tunanin yadda Allah ya ajiye wannan ƙarfen a wani ƙauye yana bugu iri ɗaya shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa shi, har ranar da za a bukace shi. Na yi tasbihi a zuciyata, ban san lokacin da na fara yi a fili ba.

A hanyar dawowa ya ce kada in ɗora rai da yawa. Injin ya tsufa, ba zai rasa ɗan bambanci ba. Zai kai shi kusa, amma Inna ce kaɗai za ta ce an isa.

Ya ɗauki makonni. Yakan kira ni ya ce suna bin kaset ɗin bugu bayan bugu, shi da ɗalibansa, suna miƙar da kowane gwargwadon yadda batir ya cuce shi. Inna kuwa ta daina zancen, abin da ya fi tayar mini da hankali. Ta rage ci. Takan zauna ta zuba wa ƙofar gida ido.

Ranar da ya dawo da hantsi ne. Sai da na roƙe ta kafin ta yarda. Ta ce in dai wancan mai gaggawar ne, a bar ta da shirunta. Yaya ya durƙusa a inda ya saba, ya ajiye lasifika. Wannan karon bai cire injin duka ba, ya bar shi can nesa, kamar yadda ake jin sa ta bayan katanga.

Aka yi gyaran murya. Sannan sallama ta fito, mai kauri, a hankali, ana jan ƙarshenta.

Inna ta ɗago. Hannunta ya tafi da kansa ya jawo mayafi ya rufe kanta. Ta gyara zama, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da ido ƙasa, ta amsa sallamar a hankali. Ban tambaye ta komai ba, babu bukata.

Baba bai faɗi wani abin mamaki ba. Ya ce gero ya yi kyau bana. Ya ce akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ya ce a riƙe salla, a rufe ƙirji saboda sanyi, kada a ci naman da ba a san wanda ya yanka ba. Yana magana yana hutawa, zakara ya yi cara a daidai inda na gan shi a allo. Hawaye yana bin fuskar Inna, ba ta share ba, tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Haka na. Haka na."

Can muryar ta ɗan yi nisa, kamar ya juya kai gefe.

"Ke, taho ki yi ma ɗanki magana. Shina jin ki."

A cikin kaset wata mace mai sauran ƙuruciya ta yi 'yar dariya daga nesa, aka ji takun silifa yana gudu zuwa ɗaki. A gabana kuma tsohuwar ta ce, "To, Malam."

Yaya ya tsayar da kaset ɗin. Inna ta juya, ba wajena ba. Na buɗe baki don in karɓi saƙo kamar kullum, sai na ga ba ni take kallo ba. Ta dubi fuskarsa, ta daɗe tana dubawa, furfurar gemunsa da tabaransa da komai.

"Sannu, ɗana," in ji ta. "Ka sha wahala. Ka ci abinci?"

Farfesa ya cire tabarau ya share ido.

"A'a, Inna."

Ta dafa ƙasa za ta tashi. Na miƙa hannu in taimaka mata, ta ture shi. Ta fita tsakar gida a hankali, ta buɗe tukunya, ta zubo masa da hannunta.